Agogon Ladan Ila da Lokacin Waya

Agogon farko da na buɗe da hannuna na wata amarya ne daga Unguwar Lalle, irin na bango mai zanen furanni da ake sawa a jere. Wata huɗu da kai ta ɗaki ya tsaya cak. Ƙanwar mijinta ta kawo shi a ɗaure cikin ɗankwali, ta ce sun sa sabon batir har sau biyu, ko motsi. Da na cire murfin baya sai na tarar tsohon batir ya yi ruwa, ya ci ɗan ƙarfen da ke taɓa kansa har ya yi kore. Na kankare da takardar yashi, na goge da auduga, na ɗan lanƙwaso ƙarfen da hantsaki, agogo ya kama tafiya. Na miƙa wa maigidana, Malam Bawa, Allah shi jiƙan shi, wanda shi ne mai teburin gyaran agogo a kasuwar Sabon Birni. Ya kara a kunne, ya jinjina kai.

"To, ya tashi," in ji shi. "Ƙarfe nawa za ki ce mishi?"

Na ce ai sai in duba na hannunka.

Ya ce, "Nawa kuma wa ya hwaɗa mishi?"

Kwanan baya a gidan suna na ji wata yarinya, ba ta san ina bayanta ba, tana cewa gyaran agogo ai ba sana'a ba ce, batir ne da duba waya. Na ci gaba da cin tuwona. Amma maganar ta biyo ni gida, shi ya sa na zauna na rubuta muku wannan, ku 'yan yanzu. Tayar da agogo rabin aiki ne, kuma shi ne rabin mai sauƙi. Rabin da ke tsufar da mutum shi ne sanin inda za ka ɗauko lokacin da za ka zuba mishi.

Ni ba a kasuwa na yi sana'ata ba, a tsakar gida na yi ta. Mata ba su son a sauke musu agogo a kai teburin maza a bar bango tsirara mako guda, kuma ba za a shigo musu da namiji ɗaki ba. Da Malam ya ga na yi sakandare, ina karanta 'yar takardar da ke zuwa cikin kwalin agogo, sai ya fara dawowa da na mata gida yana nuna mini. A hankali aka daina kai mishi, aka koma aiko mini kai tsaye, aka kuma manta da sunana Dije, na zama Mai Agogo.

Kayan aikina duka a gwangwanin madara guda suke. Sukundireba ƙanana uku, ɗaya bakinta ya karye Malam ya wasa mini a dutse. Hantsaki. Tsohon buroshin haƙori. Gashin zabo na share cikin inji, don tsumma yana barin zare. Man keken ɗinki, wanda ake ɗiga shi da bakin allura, in ya wuce haka ya zama tarkon datti. Sai farin faranti na tasa da nake aiki a ciki, domin ƙusar agogo in ta faɗi cikin rairayin tsakar gida, sai dai kaza ta gan ta. Na taɓa yin yini guda ina tankaɗe ƙasa da rariya saboda ƙusa ɗaya ta agogon matar wani alhaji daga Isa. Ban same ta ba. Daga ranar ban ƙara buɗe agogo a kan tabarma ba.

Shekara biyu Malam bai bari na mayar wa kowa agogo ranar da na gyara shi ba. Sai an rataya shi a bangon rumfa kwana bakwai, kullum da safe a duba shi. Wani za ka ga yana gudu da minti ɗaya a mako, wani yana jan ƙafa da biyu. Wani lafiya lau yake har sai dogon hannu ya zo hawa daga shida zuwa sha biyu, nan ƙarfinsa ke ƙarewa. Irin wannan, in ka duba shi sau ɗaya da hantsi, sai ka rantse lafiyayye ne. Masu agogo suna aike, suna mita, wata ta ce ko na sayar ne. Malam ba ya ko ɗaga kai.

Wajen saiti kuma shaidu uku muke tarawa. Na farko rediyo, waɗannan ƙananan ƙararrakin da ake bugawa kafin labaru, na ƙarshe shi ne kan awa daidai. Na biyu agogon hannun Malam, wanda ya san halinsa kamar halin ɗansa. Na uku inuwa. Wannan kam ni na zo da shi daga gidanmu. Mahaifina malamin allo ne a Tsamaye, bai taɓa ɗaura agogo ba. Tsayawa yake a rana ya auna inuwarsa da tafin ƙafa, in ta ƙara ƙafa bakwai a kan ta tsakar rana, ya ce la'asar ta shiga. Na kafa turke a tsakar gidana na yi mishi alamu da fasassun kwalabe a ƙasa. Inuwa ba ta ba ka minti, amma ba ta yi maka kuskuren rabin awa. Ƙa'idar Malam ita ce in biyu suka yarda da juna, a bi su, a zauna a binciki na ukun. Shaida ɗaya kuwa, ko daga Makka ya zo, ba a saita agogon mutane da shi.

Sai waya ta shigo. Ba za ni yi muku ƙarya in ce ban ji haushinta ba, don aiki ya ragu ƙwarai. Amarya takan rataya agogo ya mutu a bango shekara uku, ba ruwanta, ado ne. A wannan tsakanin Malam ya rasu, aka ɗauke teburin daga kasuwa, gwangwanina ya zama shi kaɗai ya rage. Amma gaskiya ɗaya ce, na auna lokacin waya da rediyo ya fi sau ɗari, ban ga ya kauce ba. Babu agogon da na taɓa gyarawa da ya kai shi tsayawa a kan daidai.

Ɗiyata Asma'u, wadda ke koyar da kwamfuta a wata sakandare a Isa, ita ta bayyana mini inda yake fitowa. Ta ce akwai wasu na'urori a ƙasashe daban-daban, ba su da aiki sai riƙe lokaci, kuma duk na'urar da ta tambaye su ta intanet suna faɗa mata kyauta. Ta ce kwamfutar da aka tsara da kyau ba ta tambayar guda ɗaya, takan tambayi huɗu ko biyar, ta lissafa daɗewar da amsa ta yi a hanya, in ɗaya ta kauce wa sauran ta watsar da ita. Na yi dariya na ce ashe su ma wajen ubanki suka yi koyo. Ta ce amma ƙananan wayoyin nan namu ba su da wannan wayon, abin da ƙarfen sabis na gari ya faɗa musu shi suke rubutawa. Na ji wannan maganar da kunnena, ina tsinke zogale, na ce to.

Aikin da ya riƙe ni a sana'ar bayan kowa ya watse shi ne agogon Ladan Ila. Shi ne ladanin masallacin unguwarmu tun kafin a kawo ni garin. Yanar ido ta rufe mishi gani a hankali har ya daina bambance rana da inuwa. Wani ɗan unguwa ya kawo mishi tsaraba daga aikin Hajji, agogon salla mai lambobi, wanda ke yin kuka in lokacin kowace salla ya shiga. Da shi ya dogara. Yana zaune a zaurensa da ke manne da masallaci, agogo ya yi kuka, ya dafa bango taku goma sha ɗaya, ya kunna lasifika. Shi agogon yana gudu da kusan minti ɗaya a mako, don haka duk Juma'a da hantsi matarsa Inna Tumba takan kawo mini shi a cikin kwando, a ƙarƙashin mayafi, in mayar da shi kan hanya.

Akwai samarin kwamitin masallaci da suka daɗe suna cewa a ba mai ido lasifika. Ba don ƙiyayya ba, su dai a ganinsu tsoho ya yi nasa. Liman ya yanke magana a gaban kowa, ya ce muddin Malam Ila bai saɓa lokaci ba, ba mai karɓe mishi kiran salla. Inna Tumba ta faɗa mini wannan tana ɗaure bakin zani, ta ce, "Dije, kin ji dai. Idon mutumen ga yanzu hannunki yake. In aka raba shi da lasifikar ga, ban san abin da zai tashe shi da sahe ba."

Mummunar shekara a wajen kowa ita ce wadda aka yanke sabis saboda rashin tsaro. Ba sai na ba ku labarinta ba, kun gani. Kasuwanni a rufe, hanyar Isa ba ta biyuwa sai da addu'a, mutanen ƙauyuka sun cika makarantu da zaurukan dangi. Abin da ba ku lura ba, watakila, shi ne yadda lokaci ya tarwatse. Mutanenmu cire batir suke su aika wajen caji, in an mayar sai waya ta tashi ba ta san ko yau wace rana ba, kuma babu ƙarfen da zai faɗa mata. A gida ɗaya sai ka tarar da waya huɗu, kowace da nata lokacin. Masu ƙarfin hali suna hawa tudu su kamo sabis na Nijar, su dawo da lokaci a aljihu kamar sun ɗebo ruwa.

A watannin nan aka tuna da ni. Aka sauko da matattun agogai daga bango, wasu da gidan zanzaro a ciki. Na gyara na wata mata da ta gudo daga wajen Alkalawa, abin da ta iya ɗaukowa ke nan da tukunya ɗaya, gilashinsa ya tsage a hanya. Ta ce mijinta na shan magani awa takwas-takwas, ba ta son ta riƙa yi da ka. Na yanka farar leda mai kauri na rufe fuskar don kada hannayen su kama ƙura, na saita mata. Batir ya yi wuya a lokacin, na rediyona nake cirewa in an gama labaru in ajiye a cikin gari don kada ya sha iska. Da rediyo da turke na riƙe agogon Ladan, shi kuma ya riƙe unguwa. Mata da kiransa suke saita wayoyinsu. A watannin nan ban ji wanda ya ce a ba mai ido lasifika ba.

Amma a wajena mummunan yini daga baya ya zo, bayan sabis ya dawo, kowa ya koma wayarsa, bangon rumfata ya koma babu komai sai tsohon agogon gidana guda ɗaya.

Ranar Arfa ce, da damina, kusan duk unguwa da azumi a baki. Kwana uku kafin nan injin ƙarfen sabis na wajenmu ya lalace, ba kira ba saƙo. Tun azahar hadari ya haɗo daga gabas ya rufe sama baki ɗaya, bai zubo ba, bai kuma tafi ba. Bayan la'asar ina tsakiyar jajjagen miyar Salla sai ga Inna Tumba da kwando, tana haki.

"Dije, taimaka. Batir ya mutu yana gama kiran la'asar. Na sa wani, ga shi nan sai ƙyafta ido yake awa mai ciwon ido."

In aka cire wa irin wannan agogon batir, komai gogewa yake, sai an sake zuba mishi rana da wata da awa. Na wanke hannu, na ɗauko rediyo. Shiru. Jikokina sun kwana biyu suna jin wasanni da shi, batir ya ƙare. Na leƙa turke, babu inuwa ko ta kara. Ina cikin haka wayata ta yi ƙara a kan taga, saƙonnin kwana uku suna shigowa. Sabis ya dawo. Na ce alhamdu lillahi. Na duba, waya ta ce biyar da minti ashirin da bakwai. Na ɗaga kai, agogon bangona ya ce biyar da minti biyar.

Na tsaya. Minti ashirin da biyu ba wasa ba ne. Na ce, "Inna, kina da waya?"

Ta kwance bakin zani ta fito da 'yar ƙaramar tata. Biyar da ashirin da bakwai.

"Kin gani," in ji ta. "Biyu sun yarda. Naki na bango ya tsuhwa awa ni."

Muka yi dariya. Batirin agogon bangon ya haura shekara, na kuma san agogo in batirinsa ya yi sanyi baya yake ja. Sama ta yi duhu kamar shida ta wuce. Shaidu biyu a kan ɗaya, ƙa'idar da aka koya mini ke nan. Na danna wa agogon Ladan biyar da ashirin da takwas, na rufe, na sa mata a kwando. Sannan na hau turmi na tura dogon hannun agogon bangona gaba da yatsa, don shi ma ya bi sahu. Ban tambayi Inna Tumba layin da ke cikin wayarta ba. Layinmu ɗaya. Ƙarfe ɗaya ya faɗa musu.

Abin da ya faru, kamar yadda Asma'u ta fahimtar da ni daga baya, ƙarfen ya tashi ne daga mutuwar kwana uku da lokacinsa a karkace, ya raba wa duk wayar da ke jinsa. Kafin awa guda ya samu na daidai daga inda yake samu, ya sake rabawa. Wayoyi suka koma daidai shiru, ba ƙara, ba neman gafara. Mutane suna ta hidimar raguna da kitso da lalle, ba wanda ya lura. Agogon Ladan kuwa ba ya jin ƙarfe. Abin da na zuba mishi shi ya riƙe.

Ina cikin dama kunu na ji muryar Ladan, tsaf kamar kullum. Na yi bisimilla na kai dabino baki. Na ji maƙwabta suna kiran yara su kawo ruwa. Maza suka yi alwala suka shiga sahu, har an yi raka'a biyu, sai gindin hadarin ya ɗage daga yamma. Rana ta leƙo, ja wur, da sauran tsayin mutum tsakaninta da ƙasa. Haskenta ya faɗo a kan bangon rumfata, a kan agogon da na tura da yatsana. Na ɗauki waya. Bakwai saura. Na dubi bango, bakwai ta wuce. Na zauna a kan turmin da wani dabinon a bakina, na kasa haɗiyewa na kasa tofarwa.

Aka jira rana ta faɗi, wani saurayi ya sake kira, aka sake salla. Liman ya yi wa mutane bayanin hukuncin azuminsu, masu ramuwar azumin farilla ya ce su sake. Ba wanda ya zagi Malam Ila. An dai yi shiru da ya zo wucewa yana dafa bango, kuma na tabbata ya ji shirun.

Washegarin Salla da hantsi na yafa mayafi na tafi gidan Liman. Na shiga wajen matarsa na ce ta yi mini iso. Aka ce kwamiti na zaure, maganar ma ake yi. Na durƙusa daga bayan ƙofar da ke tsakanin zaure da cikin gida, inda za su ji ni.

"Allah shi gafarta Malam," na ce, "laihin ga nawa ne. Ni na saita agogon. Ladan bai ƙara ba bai rage ba, abin da agogo ya ce shi ya kira."

Liman ya ce, "Ɗiyar Malam, da mi kika saita?"

Na ce da waya. Na ce wayar ce ta yi gaba da minti ashirin da biyu, daga baya ta koma.

Aka yi 'yar dariya a zaure. Nasiru, magatakardan kwamitin, wanda na san ranar sunansa, ya ce, "Inna, a yi haƙuri, waya ba ta gaba ta dawo. Ga tawa nan, ko sakan ba ta taɓa ɓatawa ba. Ko dai garin dannawa yatsa ya zame?"

"Nasiru, ina danna agogon ga tun kana tsere da wando a hannu. Wane layi gare ka?"

Ya faɗa. Ba irin namu ba ne.

Wani dattijo daga gefe ya ce shi kam ya ga kamar wayarsa ta yi wani abu da yammacin nan, amma ba zai rantse ba. Na so in ce a je a duba agogon bangona, sai na tuna na tura shi da hannuna. Shaidan da ya faɗi gaskiya ni na rufe mishi baki. Waya kuma ba ta ajiye tarihin ƙaryarta, in ka duba ta yanzu daidai take, kamar ba ta taɓa yin komai ba.

Liman ya ce shi ya yarda da ni, ya san gidan da na fito da gidan da na zauna. Har na fara sakin numfashi. Sai Nasiru ya ce, cikin ladabi kuwa, "Allah shi gafarta Malam, mu ma mun yarda. To amma da mai ido ne, kafin ya kunna lasifika zai duba wayar aljihunsa, kuma lokacin ta riga ta koma daidai. Yau Inna ce, gobe batir ne. Ba mu da wanda zai duba bayan agogo."

Gaskiya ya faɗa.

Ashe Malam Ila na zaune a zauren tun farko, ban sani ba sai da ya yi gyaran murya.

"Ku bar yarinyar ga," in ji shi, ni da jikoki shida. "Ni ma na sani. Da agogo ya yi kuka ban ji shanun Hulani sun wuce ba, kaji ba su hau ba, iskar ma ba ta magariba ba ce. Na tsaya bakin ƙofa na ce anya. Sai na ce kai Ila, kai da ba ka gani, za ka yi gardama da agogon Makka? Na kira. Shekara nawa ina jin magariba a jikina, ranar guda na ƙi jin ta. Liman, ka yi alkawali gaban jama'a, kada ka tashe shi saboda ni."

Na ji ƙarar ɗan mabuɗin akwatin lasifika a kan buzun Liman. Malam Ila ne ya ajiye shi. Na tashi na fita ta ƙofar baya, ko sallama ban yi wa matar Liman ba, sai daga baya na aika ban haƙuri.

Tun daga ranar, in aka kawo mini agogo, ina tambayar kowace waya layinta kafin in ƙirga ta a shaida. Biyu masu layi ɗaya, ɗaya ce a wajena. Batirin rediyo na kulle shi a akwati, jikoki sun yi fushi sun gaji. In shaidu suka saɓa kuma babu na uku, cewa nake a dawo gobe, ko mai agogo zai yi kuka. Har yau ina gaya muku lokacin waya ya fi nawa daidai, kwana dubu zai yi bai kauce ba. Sai dai ranar da ya kauce, fuskarsa iri ɗaya ce da ta sauran ranakun, kuma ni idona ya fara gajiya da wannan tsaron. Zaren allura ma yanzu sai an sa mini.

Wanda aka ba lasifikar yaron kirki ne, muryarsa da daɗi, bai taɓa saɓa lokaci ba. Wajen mako uku ban ga Inna Tumba ba, ni kuma kunya ta hana ni zuwa. Ranar wata Talata ina shanyar gero sai ga ta. Ta ƙi zama a tabarma, ta tsuguna a bakin rumfa ta ajiye agogon a gabana. Na duba, tafiya yake lafiya lau.

"Mi ya same shi, Inna?"

"Ba abin da ya same shi. Cewa ya yi ki kashe mishi kukan."

Na dube ta.

"Da agogon ya yi kuka sai mutumen ya miƙe," in ji ta. "Sau biyar kullum. Sai ya kai bakin ƙofar masallaci ya tuna, ya tsaya nan riƙe da bango, yara na kallo. Jiya har ya ɗaga hannu zai kai kunne."

Akwai madannin da ke kashe kukan, amma duk aka canza batir dawowa yake. Na faɗa mata haka. Ta ce a yi wanda ba ya dawowa. Na ɗauko farantin, na kwance ƙusoshi huɗu, na ɗaga murfin. 'Yar lasifikar ciki ba ta fi kwabo ba, da siraran wayoyi biyu, ja da baƙa. Na sa hantsaki na cire jar, na naɗe bakinta da leda, na mayar da murfi. Ban taɓa yin aikin da ya kai shi sauri ba.

Na ce, "Lokacin fa? Tunda ba ya gani, ba kuma zai ji ba."

Ta ɗauki agogon ta goge fuskarsa da gefen mayafi.

"Ki bar shi daidai," in ji ta. "Yakan tambaye ni."